Sharhi: Cutar Da Iska Ke Ɗaukowa Ba Ta Tsayawa A Shingen Kwastan

A duk lokacin da masu jari suka zauna lissafin ribar da za a samu a noman alkama ko masara ko dankalin Turawa, abubuwan da akan jera a takarda sanannu ne: kuɗin iri, kuɗin taki, man injin ban ruwa, ladan 'yan ƙwadago, kuɗin mota zuwa kasuwa, da kuma ruwan bashin banki. Amma akwai wani abu guda da ba kasafai yake shiga wannan lissafi ba, alhali kuwa yana iya rushe shi baki ɗaya cikin mako uku, wato ƙurar cututtukan amfanin gona da iska ke ɗaukowa daga wata gona zuwa wata, har ma daga wata nahiya zuwa wata. Tun da yake yanayin sama ne ke yanke hukuncin ranar da wannan ƙura za ta tashi, da inda za ta sauka, da ko za ta kama shuka ko ta mutu a banza, to wajibi ne bankuna da kamfanonin inshora da masu masana'antun fulawa su ɗauki hasashen cutar shuka a matsayin wani ɓangare na harkar kasuwancinsu, su kuma yarda su sa kuɗi a ciki.

Kafin a shiga batun kuɗi, yana da kyau a fahimci yadda abin yake aukuwa. Cutar tsatsa, wadda ke fitowa a kara da ganyen alkama tamkar tsatsar ƙarfe, wani nau'in fumfuna ne da ke rayuwa a jikin ɗanyar shuka. Kowane ƙurji guda da ke jikin karan yana fitar da dubban ƙwayoyin iri a kowace rana, kuma ƙanƙantarsu ta kai sai an jera kamar 30 zuwa 40 kafin a cika milimita ɗaya. Da rana, idan ganye ya bushe kuma iska ta motsa, sai waɗannan ƙwayoyi su tashi. Akasarinsu a cikin gonar suke faɗuwa ko a maƙwabtanta, amma zafin ƙasa yakan cilla wasu sama ƙwarai, inda iska mai ƙarfi za ta tafi da su ɗaruruwan kilomita. A can sama hasken rana yana kashe da yawa daga cikinsu, sai dai idan gajimare ya yi musu inuwa. Ruwan sama kuma shi ke wanko su daga sararin samaniya ya zubar da su a kan gonakin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Saukar ƙwayar a kan ganye ba ita ce kamuwa ba. Sai ta sami lema, raɓa ce ko yayyafi, ta kimanin sa'o'i 6 zuwa 8 a jere, tare da zafin da ya dace da ita, kafin ta tsiro ta kutsa cikin shukar. Tsatsar kara ta fi son ɗumi, tsatsa mai ruwan ɗorawa kuwa ta fi son sanyi, shi ya sa ta fi addabar tsaunuka. Idan ta kama, cikin kwana 10 zuwa 14 sabon ƙurji zai fashe ya fara watsa nasa irin. Wanda ya san yadda ruwan bashi ke haihuwa a kan ruwa zai gane wannan lissafi nan take: 'yan ɗigo kaɗan da ba wanda ya kula da su a farkon wata, su ne gona mai ja jawur a ƙarshen wata na biyu, da hatsi a motse wanda ba mai niƙa da zai saya da daraja.

Tarihin kasuwannin duniya cike yake da misalan irin wannan ɓarna. Cutar da ke ƙona ganyen dankalin Turawa ta faɗa wa ƙasar Ailan a shekarar 1845, a daminar da ta yi sanyi da laima, kuma yunwar da ta biyo baya ta hallaka mutane kimanin miliyan ɗaya. Tsatsar gahawa ta ɓulla a tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, a shekarar 1869, ta karya masu gonakin gahawa har tsibirin ya koma noman shayi. A shekarar 1970 aka ga wannan cuta a ƙasar Birazil, kuma masana da dama sun danganta zuwanta da iskar da ke ƙetare tekun Atilantika daga Afirka. A watan Nuwamba na 2004 aka gano tsatsar waken soya a jihar Luwiziyana ta Amurka, 'yan makonni bayan wucewar mahaukaciyar guguwar nan da aka laƙaba wa suna Ivan, wadda ake jin ita ce ta kwaso ƙurar daga arewacin Kudancin Amurka. Ita wannan cuta ta waken soya ta riga ta shigo Nijeriya tun kafin ta isa Amurka.

Afirka ta Yamma ma ta ɗanɗana kuɗarta. A shekarar 1949 wata tsatsar masara wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne ta bayyana a Saliyo. Cikin 'yan shekaru ta ratsa ƙasashen gaɓar teku har da Nijeriya, ta kai Kenya a shekarar 1952, kuma a wasu yankuna an yi asarar da ta kai rabin amfanin gona, saboda masarar da ake nomawa a lokacin ba ta taɓa haɗuwa da cutar ba balle ta iya jure mata. Babu wani shingen kan iyaka da ya tare ta, domin kuwa iska ba ta nuna fasfo.

Misalin da ya fi dacewa masu zuba jari a alkama su yi nazarinsa shi ne na gabashin Afirka. A shekarar 1998 aka ga wani sabon launin tsatsar kara a Yuganda, aka sa masa suna Ug99 a shekarar da ta biyo baya. Abin da ya tayar da hankalin masana shi ne ya karya garkuwar da ta shafe shekaru da dama tana kare yawancin irin alkamar duniya. Ya isa Kenya a 2001, Habasha a 2003, Sudan da Yaman a 2006, sannan Iran a 2007, kuma hanyar da ya bi ta yi daidai da hanyar iskar wannan yanki. Marigayi Norman Borlaug, masanin alkamar da ya sami lambar yabo ta Nobel, shi ne ya jagoranci yekuwar a tashi tsaye a shekarar 2005. A 2010 tsatsa mai ruwan ɗorawa ta mamaye ɗaruruwan dubban hektoci a Habasha. Manoma suka rungumi wani iri mai suna Digalu saboda yana jure mata, har ya zama ruwan dare. A ƙarshen 2013 sai wani launin tsatsar kara, wanda ba Ug99 ba, ya afka wa Digalu a yankunan Bale da Arsi, inda wasu gonaki suka tashi kusan ba ƙwaya. Darasin a bayyane yake: idan ƙasa ta zuba dukkan ƙwanta a kwando guda na iri ɗaya, to rana ɗaya iska za ta kawo abin da zai fasa kwandon.

Habasha ba ta tsaya kuka ba. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar ta haɗa gwiwa da cibiyar CIMMYT mai inganta masara da alkama, da Jami'ar Kambirij, da hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya, suka kafa tsarin gargaɗin gaggawa. Ma'aikata suna zagaya gonaki suna aika rahoton inda suka ga tsatsa ta wayar salula. Kwamfuta tana haɗa wannan rahoto da hasashen iska da zafi da laima, ta fitar da taswirar inda ƙurar za ta sauka da inda yanayi zai ba ta damar kamawa a cikin mako mai zuwa. Daga nan a aika wa malaman gona da manoma saƙo. Cibiyar CIMMYT ta bayyana cewa a shekarar 2021, lokacin da yanayi ya sake yi wa tsatsa mai ruwan ɗorawa daɗi, gargaɗin da aka yi da wuri da feshin da ya biyo baya sun taimaka wajen kauce wa maimaicin abin da ya faru a 2010.

To, ina ruwan ɗan kasuwar Nijeriya da wannan? Idan dai ba a manta ba, ƙasar nan ta daɗe tana fafutukar rage dogaro da alkamar waje. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta haramta shigo da ita a shekarar 1987, kafin a janye haramcin bayan 'yan shekaru. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a kan noman 2021 ya nuna abin da aka girbe bai kai tan dubu 40 ba, alhali miliyoyin tan ake shigowa da su kowace shekara da kuɗin musaya. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a 2022 ya sa farashi ya yi tashin gwauron zabi, aka sake zaburowa, har aka ƙaddamar da babban shirin noman alkama na rani a jihar Jigawa a watan Nuwamba na 2023. Duk mai sayar da burodi ko taliya, da duk bankin da ya ba manomin alkama rance, yana da hannu a wannan caca.

Allah Ya yi wa alkamar arewacin Nijeriya wata garkuwa ta kyauta, wato hunturu. Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da ake noman alkama a Kadawa da kwarin Haɗejiya da sauran wuraren ban ruwa, busasshiyar iskar arewa maso gabas ce ke kaɗawa, laima ta yi ƙasa, ganye ba ya daɗewa a jiƙe. Garkuwa ta biyu kuma ita ce tazarar watannin da babu alkama a gona. Tun da tsatsa ba ta iya ci gaba da hayayyafa sai a jikin ɗanyar shuka, duk abin da ya taru a kakar bana yakan mutu kafin ta baɗi. A Kenya da Habasha, inda kusan kowane wata akwai alkama a tsaye a wani wuri, cutar ba ta rasa masauki, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa yankin ya zama matattararta.

A nan ne ya kamata mahukunta su yi hattara. A watan Nuwamba na 2021 Babban Bankin Nijeriya ya yi bikin shirin noman alkama na damina a jihar Filato, da nufin a riƙa samun iri da girbi sau biyu a shekara. Ta fuskar lissafin kuɗi dabara ce mai ma'ana. Ta fuskar cuta kuwa, duk lokacin da aka noma alkama da damina a tsaunukan Jos ko Mambila, inda ake da sanyi da hazo da raɓa, sannan aka shuka ta rani a Kano da Jigawa jim kaɗan bayan girbin waccan, an gina wa tsatsa gadar da za ta bi daga kaka zuwa kaka. Wannan ba dalili ba ne na hana noman damina. Dalili ne na cewa duk wanda ya ba da kuɗin faɗaɗa shi, wajibi ne ya ba da kuɗin sa ido a kansa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka kuma, ko a cikin hunturu, gona mai cunkoson shuka wadda aka cika wa ruwa da takin zamani tana iya tara raɓa a daren sanyi fiye da abin da ma'aunin filin jirgin sama ke nunawa.

Ba sai an jira alkama ba kafin a ga abin da ake gudu. Jihar Filato ce ke samar da mafi yawan dankalin Turawan da ake ci a ƙasar nan, kuma manoman Bokkos da Mangu da Barikin Ladi sun sha fama da cutar ƙunar ganye, musamman a daminar 2014 da ta 2022, inda gonaki suka yi baƙi cikin 'yan kwanaki. Asarar ba ta tsaya a kan manomi ba. Ta shafi dillali, da direban da ke lodi zuwa Legas da Fatakwal, da mai soya dankali a bakin titi. Abin takaicin shi ne wannan cuta tana cikin waɗanda aka fi sanin lissafin yanayinsu a duniya. A Birtaniya, tun shekarun 1950 ake da ƙa'idar gargaɗi, kuma wadda ake aiki da ita tun 2017 ta ce idan aka yi kwana biyu a jere zafi bai sauka ƙasa da digiri 10 ba, kuma a kowace rana laimar iska ta kai kashi 90 cikin 100 na tsawon sa'o'i 6, to a sanar da manoma su yi feshi. Ba dole ne wannan ƙa'ida ta dace da Jos kai tsaye ba, tun da daminar can kusan kullum a jiƙe take, amma gyara ta aiki ne da reshen Kuru na Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa zai iya yi idan an ba shi na'urori da kuɗin aiki.

Akwai dalilai uku na tattalin arziki da suka sa wannan batu ya wuce a bar wa malaman gona su kaɗai. Na farko, inshora tana tsayuwa ne a kan cewa ba kowa ne zai yi asara a rana ɗaya ba. Gobara takan ci shago ɗaya ta bar dubu. Cutar iska kuwa takan kama dukkan gonakin yanki a mako guda, musamman idan iri ɗaya aka raba wa kowa, kamar yadda akan yi a shirye-shiryen rancen gwamnati. Bankin da ya ba manoma dubu goma rance a kwari ɗaya, a kan iri ɗaya, a haƙiƙa rance ɗaya ya bayar. Na biyu, akwai matsalar lokaci. Maganin feshi daga waje ake shigo da akasarinsa, kuma tsakanin neman kuɗin musaya da lodin jirgin ruwa da fitar da kaya daga Apapa, makonni ne masu yawa, alhali cutar tana ninka kanta cikin mako biyu. Feshin ma ya fi amfani kafin cuta ta kama ko da zarar ta fara. Idan babu gargaɗi, ɗan kasuwa ko dai ya tara kayan da za su lalace a sito, ko ya kawo su bayan an yi jana'izar gona, kuma a irin wannan ƙarancin ne masu jabun magani ke cin kasuwarsu. Na uku, labarin gargaɗi kaya ne da idan an samar wa mutum ɗaya kowa ya samu, don haka kowa yakan noƙe yana jiran wani ya biya. Irin wannan kaya ba ya samuwa sai an yi karo-karo ko hukuma ta shiga tsakani.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Wasu za su ce maganin gaskiya shi ne iri mai jure cuta, kuma haka ne, domin shi ne mafi arha ga talaka. Amma labarin Digalu ya nuna juriya tana da wa'adi, kuma fitar da sabon iri da yawaita shi yana cin shekaru. Sa ido a gonaki ne ke sanar da masu bincike cewa garkuwa ta fara tsagewa tun da sauran lokaci. Wasu za su ce me amfanin gargaɗi ga manomin da ba shi da kuɗin magani. Amsa ita ce wanda kuɗinsa bai wuce na feshi ɗaya ba shi ya fi kowa buƙatar sanin ranar da zai yi shi. Bayan shigar tsatsar waken soya Amurka, an kafa ƙananan gonakin gwaji a jihohi ana duba su a kai a kai, kuma nazarin da ma'aikatar gona ta ƙasar ta yi a kan kakar 2005 ya nuna amfanin tsarin ya zarce kuɗin da aka kashe masa, galibi saboda manoma sun fasa feshin da ba a buƙata. Wasu kuma za su ce hasashe yana kuskure. Babu shakka yana yi, kamar yadda hasashen farashin dala ke yi, amma ba a taɓa jin ɗan kasuwar da ya daina sauraron labarin kasuwa saboda wannan dalili ba.

Kayan aikin da ake buƙata yawancinsu suna nan a warwatse. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, wanda ke faɗin lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa. Wannan yana amsa tambayar yaushe za a yi shuka, amma cutar shuka tana buƙatar ma'aunin laima da raɓa na sa'a zuwa sa'a, a cikin gona. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ita ke da alhakin binciken alkama, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da masara da dawa da gyaɗa, cibiyar Badeggi tana da shinkafa da waken soya, cibiyar NAERLS ta Zariya tana da hanyar isar da saƙo ga malaman gona, ga kuma cibiyar IITA a Ibadan. Gidajen rediyo da wayar salula sun kai ƙauyukan da mota ba ta kai ba. Abin da ya rage shi ne zaren da zai ɗinke su, da kuɗin da ba zai yanke ba idan wa'adin tallafin ƙasashen waje ya ƙare.

Saboda haka, ya kamata a fara da abu ƙarami wanda za a iya auna sakamakonsa. A zaɓi amfanin gona biyu, dankali a Filato da alkama a Kano da Jigawa da tsaunuka, a kafa ƙananan na'urorin auna yanayi da gonakin gwaji a manyan yankunan nomansu, a riƙa fitar da sanarwar mako-mako cikin Hausa da sauran harsunan yankin. Kamfanonin fulawa da masu shigo da maganin feshi da bankunan da ke ba da rancen noma su zuba wani ƙaramin kaso na cinikinsu a asusu guda wanda za a riƙa buga bayanin kuɗinsa a fili. Hukumar Inshorar Aikin Gona ta Nijeriya ta rage kuɗin inshora ga ƙungiyoyin manoman da ke bin sanarwar, bankuna kuma su daina amincewa da shirin da ya ɗora yanki guda a kan iri ɗaya tilo. Hukumar NAFDAC ta tsananta binciken maganin feshi a kasuwannin Jos da Kano kafin damina ta kankama. Sannan a riƙa aika samfurin duk tsatsar da aka gani zuwa ɗakunan gwaji, a kuma riƙa musayar labari da Sudan da Habasha da Kamaru, tun da Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ƙasar da ke neman ta ciyar da kanta da alkamarta da dankalinta ba za ta iya hana iska kaɗawa ba, amma tana iya sanin abin da iskar ta ɗauko mako guda kafin ya sauka. Ga masu jari, wannan mako guda yana iya zama bambanci tsakanin bashin da aka biya da wanda aka yafe dole, kuma kuɗin sayensa bai kai asarar damina ɗaya a Bokkos ba.